Daga Kano zuwa Kilomita 18 a Saman Kogin Bolga

A shekarar 2016, lokacin da masana'antar jirage ta Sokol da ke Nijni Nobgorod a Rasha take ɗaukar farar hula a jirgin yaƙi samfurin MiG-29 ta kai su ƙololuwar da jirgin ke iya kaiwa, tun watanni kafin tafiya ake fara shiri. Wani dillali a Turai ne ke haɗa mutum da masana'antar. Na tura masa hoton fasfo, da bayanin aikina, da takardar likita mai ɗauke da awon jini da gwajin zuciya, shi kuma ya miƙa wa jami'an tsaron Rasha, domin wurin na soja ne, ba a shigarsa sai da izini mai ɗauke da sunanka. Amsa tana ɗaukar wajen wata biyu, kuma babu wani babba da za a kama ƙafa da shi a hanzarta ta. Kuɗin tashin kaɗai kusan Yuro 17,500 ne. A farashin Wapa na wancan lokacin, da Naira ke ta zubewa, ya haura miliyan 8, ban da tikiti da biza.

Bizar a ofishin jakadancin Rasha da ke Abuja ake karɓa, da takardar gayyata. Ranar shiga da ranar fita a rubuce suke, kuma ba a ƙara ko yini ɗaya a kai. Mai hankali yakan nemi 'yan kwanakin rara, don hadari kaɗai ya isa ya ɗage tashin.

Bayan Babbar Sallah na bar Kano da mota zuwa Abuja, daga nan jirgin dare zuwa Istanbul, sai wani na kimanin awa uku zuwa filin Bunukobo da ke Mosko. Jami'ar shige da fice ta daɗe tana duban hoton fasfo tana duban fuskata, ta karanta takardar gayyatar, sannan ta buga hatimi ta miƙo wata 'yar farar takarda. Wannan takardar ita ce rabin ranka a Rasha: da ita otal zai yi maka rajista, ita ɗan sanda zai tambaya, ita kuma za a karɓa ranar fita. Jirgin ƙasan da ke kai mutane cikin gari a lokacin kusan rubul 500 ne, ya sauke ni a tashar Kiyebski cikin minti arba'in ko ƙasa da haka. A nan wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatun likitanci ya tarbe ni, ya karɓe jakar yana cewa, "Kawu, wannan rigar taka ba za ta yi ba, sai mun nemo mai kauri." Da gaskiyarsa. Ƙarshen Satumba ne, ana yayyafi, sanyin bai wuce digiri goma ba.

Ya raka ni ta jirgin ƙarƙashin ƙasa har tashar Kurski. A bakin kowace tasha akwai na'urar binciken kaya, sai dai babu mai miƙo hannu, babu "a kawo na shayi". Tikitin jirgin ƙasa da sunanka da lambar fasfonka ake buga shi, mai kula da tarago kuma sai ta gwama su kafin ka hau. Tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai ce gabas da Mosko, ƙasa da awa huɗu, daji ne da ƙauyukan katako, an ɗan tsaya a Baladimir aka wuce.

Nijni Nobgorod yana wurin da kogin Oka ya haɗu da Bolga. Tsohon garin a kan tudu yake da ganuwarsa ta jan bulo tun ƙarni na 16, masana'antu kuma a ƙetaren kogi, a kwari. Daga 1932 zuwa 1990 sunansa Gorki, kuma shekaru da dama baƙo ɗan wata ƙasa ba ya taka shi saboda makaman da ake ƙerawa a ciki. A can aka killace masanin kimiyya Andire Sakarob daga 1980 zuwa 1986. A gefen ganuwa, sama da wata doguwar matakala mai gangarawa bakin ruwa, akwai mutum-mutumin Baleri Chikalob, matuƙin da ya tashi daga Mosko a 1937 ya bi ta ƙuryar arewacin duniya ya sauka a Amurka. Akwai masallacin 'yan ƙabilar Tatar da aka gina a 1915. Alƙibla a can kudu take, abin da jikin mutumin da ya saba fuskantar gabas bai saurin yarda da shi. Abincin halal kuwa wurin 'yan Uzbekistan na same shi: dafa-duka da naman rago da karas, da romo, da baƙin shayi a buta.

Sai dai daren jajiberin tashi ba a sakin ciki. Ba a cin wake, ko kabeji, ko shan lemo mai gas. Dalili shi ne, ɗakin matuƙin jirgin yaƙi ba a cika shi da iska kamar na fasinja. Jirgin fasinja yana riƙe ka kamar kana kan tudu mai tsawon kilomita biyu da ɗan wani abu. Wannan kuwa, a can ƙoli, jikinka ji yake kamar yana kilomita bakwai ko takwas. Duk iskar da ke cikin hanji sai ta kumbura ninki biyu zuwa uku, kai kuma a ɗaure kake tamau. Haƙorin da aka cike ba daidai ba shi ma yana iya tashi, saboda 'yar iskar da ta maƙale a ƙarƙashin cikon.

Da safe mota ta zo da tafinta. A ƙofar masana'anta an karɓi fasfo, an duba suna a jeri, an faɗi inda aka yarda a ɗaga kyamara da inda ba a yarda ba. Ranar farko hadari ya rufe gari, aka ce a dawo gobe, sai aka zaga da mu gidan tarihin masana'antar. Tun 1932 take aiki. A nan aka ƙera jirgin La-5 na yaƙin duniya na biyu, da MiG-15, da 17, da 19, da 21, da MiG-25 da MiG-31. MiG-21bis ɗin da sojojin samanmu suka saya a shekarun 1980 ma daga wannan harabar suka fito, abin da ya sa dattijon da ke zagawa da mu ya sake duba na da ya ji na ce Najeriya.

Washegari gari ya washe. Likita ta auna jini da bugun zuciya, ta leƙa kunne da maƙogwaro, ta tambaya ko ina mura. Ba tambayar banza ba ce. Mai mura, hanyar da ta haɗa kunnensa da maƙogwaro a toshe take. Hawa ba zai dame shi ba, amma wajen saukowa, da iska ta fara danno dodon kunne daga waje, ciwon yana iya kaiwa ga fashewa. Wanda jininsa ya hau kuwa, ko don fargaba ce, zaunar da shi ake a sake aunawa, in bai sauka ba an fasa.

Ɗakin sa kaya ne wurin da mutum ke fahimtar inda za a kai shi. Rigar da ake kira VKK-6M haɗe take daga wuya zuwa idon sawu, ba ta miƙewa, kuma duk jikinta igiyoyi ne irin na takalmi. Wani dattijo ya durƙusa yana jan su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙwauri zuwa cinya zuwa haƙarƙari, yana cusa yatsa biyu tsakanin rigar da jikina yana gwadawa. A gefen hannuwa da ƙafafuwa akwai tiyo na roba kwance cikin ɗinki. Muddin ɗakin matuƙi lafiya yake, babu abin da suke yi. Ranar da gilashi ya tsage ko iska ta zurare a sama da kilomita 12, nan take za su cika su ja yadin ya matse jiki, takunkumin fuska kuma ya fara tura oksijin cikin huhu da ƙarfi. Numfashi sai ya juye: shiga da kanta iskar ke yi, fitar da ita ne aiki. Takunkumin dole ya kama fata ba tare da kafa ba, don haka mai gemu sai ya rage inda bakin robar ke zama. Dattijon ya toshe tiyon da tafin hannunsa ya ce in ja numfashi; da robar ta manne a fuskata, sai ya gyaɗa kai.

Ga lissafin da ya sa ake wannan wahala. A kilomita 5 da rabi, rabin iskar duniya tana ƙasa da kai. A kilomita 12, ko oksijin zalla kake shaƙa, abin da ke isa jininka bai wuce na mai tsaye a kan dutse mai kilomita 3 ba. Daga kilomita 15 zuwa sama, in iska ta ɓace, daƙiƙa 9 zuwa 12 ne kawai hankalinka zai yi aiki, kuma babu shaƙewa ko ciwon da zai gargaɗe ka. Wauta ce ke fara zuwa, wani ma har da nishaɗi. A wajen kilomita 19 kuwa akwai iyakar da aka sa wa sunan likitan sojan saman Amurka Hari Amstiron, inda matsin iska ke faɗuwa har ruwa ya tafasa a digiri 37, wato ɗumin jikin mutum. Yawun baki da hawaye su ke fara kumfa.

Sai darasin kujera. K-36 sunanta, hannuwanta ja guda biyu tsakanin cinyoyi. Idan matuƙi ya ba da umarni sau uku, ka manna baya da ƙeya, ka haɗa gwiwar hannu da jiki, ka ja. Ita za ta janyo ƙafafunka, roka ta harba ka, kuma in a ƙoli ne ba za ta sake ka ba: da tukunyar oksijin ɗinta za ta faɗo da kai har wajen kilomita 5 kafin lema ta buɗe, don wanda lemarsa ta buɗe a can sama sanyi da rashin iska za su gama da shi kafin ya iso. Ita ce ta fitar da Anatoli Kibochur daga MiG-29 a bikin jirage na Faris a 1989, daƙiƙu kaɗan kafin jirgin ya daki ƙasa. Matuƙin da zai ɗauke ni, mai gwajin jiragen masana'antar ne, furfura ta fara, ba shi da yawan magana. Ya nuna totur a hagu ya ce kada hannuna ya kusance shi, ko da wasa.

Jirgin MiG-29UB ne, mai kujera biyu, na koyarwa, ba shi da radar ɗin yaƙi. Injinsa biyu samfurin RD-33, kowanne yana tura nauyin da ya kai tan 8 da ɗoriya idan aka kunna abin da Rashawa ke kira forsaj, wato a fesa ɗanyen mai a cikin bututun hayaƙi a cinna masa wuta. Ni a baya nake, da ɗan madubin leƙe a sama don ganin titi. Makanike ya ɗaure ni, ya jona tiyo da waya, ya zare fil-fil ɗin kujera masu jan ƙyalle ya ɗaga su a gaban idona in gani. Wanda ya saba da jiragen Yamma zai ɗan rikice da agogunan: tsayi da mita, gudu da kilomita, agogon karkata kuma hoton jirgin ne ke juyawa, layin ƙasa yana tsaye. Wata dabara da ta burge ni: a ƙasa, manyan bakunan shan iska a rufe suke, injin ta wasu tagogi a saman gindin fiffike yake shaƙa, don kada ya haɗiyi tsakuwa. Sai jirgin ya ɗau gudu sannan su buɗe.

Da ya saki birki ya kunna forsaj, duka biyu na ji a gadon baya, ɗaya bayan ɗaya. Titin bai daɗe ba. Hanci ya ɗaga, kogi ya karkata ya koma ƙasa, kafin in gama daidaita numfashi mun ratsa gajimare. A wajen kilomita 11 zuwa 12, inda jiragen fasinja ke tsayawa, ya daidaita, muka nufi yankin da aka ware nesa da gari, don ƙarar keta gudun sauti tana girgiza tagogin mutane. A cikin jirgi kuwa babu wata ƙara. Allurar agogon tsayi ce ta yi tsalle ta dawo, lambar Mak, mai nuna ninkin gudun sauti, ta wuce ɗaya, shi ke nan. A sanyin wurin, digiri 56 ƙasa da sifiri, sauti yana tafiya kimanin kilomita 1,060 a awa. Muka ci gaba da tara gudu har Mak 1.8, wato kusan kilomita 1,900 a awa, allurar mai tana sauka ana kallo.

Wannan gudun shi ne jarin tafiyar. Jirgin ba zai iya zama a can ƙoli ba; iyakar da zai iya tafiya a miƙe ba ta wuce kilomita 17 zuwa 18 ba, kuma kowace mita a kusa da nan da ƙyar ake samunta. Abin da ake yi shi ne a tara gudu a ƙasa-ƙasa, a ja sanda, a musanya gudun da tsayi. A kan takarda, saukowa daga Mak 1.8 zuwa 1.2 yana ba da wajen kilomita 8, amma jan iska da juyawa suna cin nasu. Shi ya sa masu shirya tafiyar kilomita 17 suke lamuncewa, abin da ya ƙaru kuma ya danganta da sanyin ranar da nauyin jirgin. Wasu sun kai 20 har da ɗoriya. Da ya ja, nauyina ya ninka kusan uku, kumatu suka zazzago. Daga nan sai shiru, allurar tsayi tana ta juyi.

Wajen kilomita 15 launin sama ya fara sauyawa. Shuɗin ya yi duhu daga tsakiyar ka, yana gangarowa, har ya koma kamar yadin da ya daɗe a marina ya sha bugu, baƙi mai ɗan shuɗi. Iska ce ke watsa hasken rana ta ba sama launinta, mu kuma a kilomita 18 fiye da kashi 90 cikin 100 nata yana ƙarƙashinmu. Rana fara ce fat, mai zafi a kan safar hannu, inuwar da ke cikin ɗakin kuma baƙa wuluk, har sai na kare da hannu kafin in karanta agogo. Taurari ba sa fitowa. Hasken ƙasa ya fi ƙarfinsu. Can a gefe, inda ƙasa ta ƙare, wani siririn zare ne fari da shuɗi mai haske, sama da shi duhu. Lanƙwasar duniya tana nan, amma kaɗan ce, sai ka bi ta da ido daga wannan kafaɗa zuwa waccan kafin ka tabbatar. Irin gantsarewar da ake gani a bidiyo aikin gilashin kyamara ne mai faɗi. Daga wannan tsayi ido yana kaiwa kusan kilomita 480 ta kowace fuska. Da a saman Kano muke, Abuja tana cikin abin da ake hange, in babu hazo. Bolga da Oka kuwa sun koma jijiyoyi biyu masu ƙyalli.

A ƙoli jirgin ya zama malalaci. Gudunsa na gaskiya har yanzu ya fi na sauti, amma iskar da ke dukan fiffike ba ta taka kara ta karya ba, sanda sai an motsa ta da yawa kafin ya amsa. Injin ma a bakin gaɓa yake: taɓa totur da gaggawa yana iya rikita iskar da ke shiga ya mutu, kuma ba ya tashi sai an sauko ƙasa sosai. In duka biyun suka mutu, iskar ɗaki ma ta tafi, tunda daga injin ake ɗebo ta. Rigar nan mai igiyoyi don wannan lokacin aka ɗinka ta. Allura ta tsaya kaɗan sama da mita 18,000. Matuƙin ya ce, "Duba hagu." Hanci ya sunkuya a hankali, jikina ya saki kujera, bakin maɗauri ya tashi tsaye, ƙura ta taso daga ƙasan ɗakin tana yawo a cikin hasken. Duk zaman bai fi minti ɗaya ko biyu ba.

Masu talla bakin sararin samaniya suke cewa, kuma a ganina sun yi ƙari. Layin da duniya ta fi amincewa da shi kilomita 100 ne, Amurkawa suna lissafi daga 80, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana wajen 400. Ko kashi ɗaya cikin biyar na hanya ba mu yi ba. Fasinjojin jirgin Concorde, mai gudun da ya fi na sauti, a kusan wannan tsayin suke cin abinci kafin a ajiye shi a 2003. Jirgin leƙen asirin Amurka U-2 da aka harbo matuƙi Gari Fawas a cikinsa ranar 1 ga Mayu 1960 ya fi mu sama, haka ɗan'uwansa SR-71 da ya riƙe mita 25,929 a 1976. Aleksanda Fedotob kuwa, da irin wannan dabara ta tara gudu a ja sanda, ya kai mita 37,650 a wani samfurin MiG-25 ranar 31 ga Agusta 1977, kuma har yau babu jirgi mai injin shan iska da ya wuce shi. Ta fuskar huhu da jini ne kaɗai tallar ta yi gaskiya, domin mutumin da ba shi da kariya, kilomita 19 da kilomita 100 duk ɗaya ne a wurinsa.

Saukowa aikin kunne ne: haɗiye yawu, motsa muƙamuƙi, in ya ƙi a danna takunkumi a hura a hankali. Da muka dawo iska mai kauri sai ya fara wasa da jirgin. Ya yi da'ira a tsaye, ya mirgina, ya ba ni sanda na ɗan karkata dama da hagu. A wani juyi nauyi ya kai ninki biyar ko shida. Jini yana gudu daga kai zuwa ƙafa, launi ya fara gushewa, gani ya tsuke daga gefe. Maganinsa a ɗaure cinya da ciki tun kafin nauyin ya zo, a riƙa fizgar numfashi gajere-gajere. Wanda ya jira sai ya ji shi ya makara. Ya ƙare da wanda suke kira ƙararrawa: jirgi ya miƙe tsaye har gudu ya ƙare, ya zame da baya, hanci ya faɗo. A nan ne cikin mutane da yawa ke juyawa, shi ya sa ake soke leda a maɗaurin cinya. Muka wuce ƙasa-ƙasa ta saman titi, muka zagayo, tayoyi suka taɓa, lemar birki ta fizge mu. Duka-duka minti 45 zuwa 50.

Rigar ciki ta jiƙe sharkaf, ƙafa tana rawa a kan tsani. Likita ta sake auna jini, aka ba da takardar shaida mai tsayi da gudu da nauyin da aka kai. Ta kuma yi gargaɗin da ya yi amfani: cikin dare kunne zai toshe ya yi ciwo, saboda oksijin zalla da ya cika shi jiki zai tsotse yayin barci, don haka a yi ta hura shi kafin a kwanta. Haka kuwa aka yi, wajen ƙarfe uku na farka da kunnen dama a toshe, na hura ya buɗe da 'yar ƙara. A cinya da damtse kuma ɗigo-ɗigon ja sun fito inda ƙananan jijiyoyi suka fashe, suka baje da kansu kafin in iso gida.

Na koma Mosko ta jirgin ƙasan da na zo, na mayar wa ɗan Zariya rigar sanyinsa, na miƙa 'yar farar takardar nan a filin jirgi, sai Istanbul, sai Abuja. A 2017 aka dakatar da ɗaukar farar hula a MiG-29 ɗin Sokol. A 2021 masu kuɗi suka fara hawa rokar New Shepard a jihar Teksas ta Amurka, wadda ke haura kilomita 100 ta dawo cikin kusan minti goma sha ɗaya, a ɗaki mai cikakkiyar iska, ba takunkumi, ba matuƙi.